Me ya sa manyan ruhubanawan Shaolin ke yanke hukuncin da ke haifar da bala'i a labaran wuxia?

Tambaya: Malam, na gama kallon wani dogon shirin ƙasar Sin mai suna Tianlong Babu, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne shugaban haikalin Shaolin. Dattijo ne da kowa ke rusuna masa, amma shi ya jagoranci kisan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, sannan ya ja bakinsa ya yi gum ana ta mutuwa saboda shi. Na lura haka manyan masu ibadar nan suke a wasu finafinan ma, sai su kafe a kan doka har a yi ɓarna. Marubutan ne ba sa son malaman addininsu, ko dabarar jan labari ce kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Wannan dattijon da kake magana a kansa, Xuanci (a bakin masu harshen kamar Shuwan-tsi yake fita), na daɗe ina shari'a da shi a raina, kuma duk lokacin da na sake karanta littafin sai in ga hukuncin da na yanke masa ya ƙara nauyi.

Bari in fara sallamar zargin ƙiyayya, don shi ya fi sauƙin sallama. Shirin da ka kalla daga littafin Jin Yong aka ɗauko shi, ɗan jaridar nan da aka haifa a Haining ta lardin Zhejiang a 1924, ya mutu a Hong Kong a 2018. Ya riƙa fitar da Tianlong Babu kashi-kashi daga 1963 zuwa 1966 a jaridar Ming Pao, wadda shi da wani abokinsa suka kafa a 1959. Sunan littafin ma daga littattafan addinin Buddha ya samo shi, yana nufin jinsi takwas na halittun da ba mutane ba, waɗanda ake cewa suna halartar wa'azin Buddha. Bayan mutuwar babban ɗansa a 1976 kuwa, sai ya duƙufa ga karatun addinin gadan-gadan. Wanda ya tsani abu ba ya yi masa irin wannan zaman. Batun jan labari akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don mai sayar da jarida da guntun labari kullum ba zai bari a tona asiri a makon farko ba. Amma marubucin da ya iya aikinsa yakan nemo halin da zai sa mutum ya ɓoye asirin ko da babu jaridar da za a sayar, kuma a nan ne tambayarka ta yi armashi.

Waɗannan masu aske kai da suka bar aure da dukiya zan kira su ruhubanawa, ɗaya kuma rahibi. Irin labaran Sinawa na ce musu wuxia, wato labaran jarumai masu dabarun faɗa. A cikinsu amana uku ke wuyan rahibin Shaolin lokaci guda: ƙa'idojin addininsa, waɗanda a al'adar Sin sun kai 250 ga cikakken rahibi kuma hana kisa na cikin na gaba-gaba, sai sunan haikali, sai ƙasa. Tarihi ne ya bar wa marubuta wannan ƙulli. An gina Shaolin a shekarar 495 a dutsen Song na lardin Henan. A 621 ruhubanawansa suka taimaka wa Li Shimin, wanda daga baya ya zama sarki na biyu a daular Tang, a yaƙinsa da Wang Shichong, kuma akwai allon dutse na shekarar 728 a haikalin ɗauke da sunayen 13 daga cikinsu. A 1553 an fitar da ruhubanawa yaƙi da 'yan fashin teku. A 1928 wani madugun yaƙi mai suna Shi Yousan ya banka wa haikalin wuta, don a rigimar madugan wancan zamani haikalin ya tsaya a ɓangaren abokan gabarsa. Gidan ibada ne, amma mai gonaki, mai mayaƙa, mai masoya da maƙiya a fada. Shugaban irin wannan gida rabinsa malami ne, rabinsa hakimi.

Abin da na fahimta bayan shekaru ina bin waɗannan littattafai shi ne, duk inda hukuncin rahibi ya haifi bala'i, in ka tona, kusan kullum amana ta biyu ce ta ari rigar ta farko ta saka. Shi a ganinsa wajibi yake saukewa, alhali fuskar gidansu yake karewa. Ma'aunina kuwa tambaya ɗaya ce: a jikin wa hukuncin ya ƙare?

Mu bi Xuanci daki-daki, don laifinsa ba ɗaya ba ne, kuma mutane kan haɗa su su yi musu kuɗin goro.

Na farko ya faru a mashigar Yanmen, a arewacin lardin Shanxi na yau, kan iyakar daular Song da daular Liao ta ƙabilar Khitan. Shekara 30 kafin labarin ya buɗe, wani amininsa, Murong Bo, ya kawo masa magana cewa mayaƙan Khitan na tafe su sace littattafan faɗa na Shaolin su koya wa sojojinsu. Xuanci ya tara gwanaye, su 21, suka yi kwanton ɓauna. A tarihi ƙasashen biyu na cikin sulhu ne tun yarjejeniyar Chanyuan ta 1005, wadda Song ke biyan azurfa da siliki duk shekara a kanta. Zaman doya da manja dai, amma ba yaƙi ake ba. Suka auka wa mahayan da suka fara bayyana ba tambaya ba sallama, sannan ga wani magidanci da matarsa da jariri. Aka sare matar. Mijin, Xiao Yuanshan, ya fusata ya karkashe su har saura mutum huɗu, ya zana wasiyya da wuƙa a jikin dutse, ya rungumi matarsa da ɗansa ya yi tsalle cikin kwazazzabo. Yana cikin faɗawa jaririn ya yi kuka, ashe da ransa, sai ya cillo shi sama. Da aka samu wanda ya fassara musu rubutun, sai ga shi gidan surukai mutumin ya nufa, walimar cikar ɗansa shekara ɗaya.

Wannan laifin, duk muninsa, ina iya gane yadda aka yi ya auku. An yaudare shi, kuma mayaudarin gwani ne: Murong Bo jinin sarautar Yan ne da ta rushe tun ɗaruruwan shekaru, so yake Song da Liao su gwabza ya samu ɓarakar maido da mulkin kakanninsa. Abin da ba na yafe wa Xuanci a nan shi ne rashin bincike. Mutum ɗaya ya kawo magana, ba a tsayar da matafiyan an tambaye su ba, ba a nemi tafinta ba sai bayan jini ya kwarara. Dalilin gaggawar kuwa, an taɓa masa abu biyu a lokaci ɗaya, taskar haikali da tsaron ƙasa. Da zarar an haɗa waɗannan biyun a tukunya ɗaya, duk wanda ya ce a dakata matsoraci za a kira shi, ko maci amana.

Na biyu shi ne yadda suka yi da marayan. Suka ba wasu manoma, Qiao Sanhuai da matarsa, riƙonsa a gindin dutsen haikalin. Rahibi Xuanku ya koya masa faɗa, shugaban Ƙungiyar Mabarata, Wang Jiantong, ya ɗauke shi almajiri, ya tashi da sunan Qiao Feng, gwarzon da babu kamarsa. A ido kamar kaffara ce. Sai dai sun ɓoye masa ko shi wane ne, sun bar shi yana yaƙar danginsa yana alfahari da hakan, Xuanci ya rubuta wasiƙa yana ba da shawarar kada a ba shi shugabancin ƙungiyar saboda jininsa, Wang kuma ya bar wasiyya cewa in aka ga ya karkata ga Khitan a kashe shi. Hannun dama na shafa kan yaro, na hagu na riƙe da wuƙa a baya.

Na uku shi ne wanda ya tsaya maka a rai, ni ma kuma shi ne. Ranar da aka tona asalin Qiao Feng a gaban mabarata, aka fito da wasiƙar jagoran harin, wani rahibi mai suna Zhiguang, ɗaya daga cikin huɗun da suka tsira, ya karɓi takardar kamar zai duba, ya yage gefen da sa hannun yake, ya jefa a baki ya haɗiye. Ka dubi wannan hoto da kyau. Zhiguang mutumin kirki ne na gaske, ya taɓa zuwa ƙasashen nesa neman ɓawon itacen magani ya ceci jama'a daga annoba har ya rasa ƙarfinsa. Amma a gaban marayan da ke tambayar wa ya jawo mutuwar uwarsa, abin da ya ga ya wajaba a kansa shi ne ya haɗiye sunan. Daga nan gawa ta fara faɗuwa. Iyayen riƙon Qiao Feng, malaminsa Xuanku, sai wasu da suka san sunan jagoran, wato Zhao Qiansun, tsohuwa Tan, da gidan Shan Zheng da aka ƙone da mutanen ciki. Duk wanda Qiao Feng ya nufa da tambaya sai ya tarar an riga shi, duniya kuma ta ce shi ne makashin, alhali Xiao Yuanshan ne, wanda bai mutu a kwazazzabon ba, yake bin masu rufa wa jagoran asiri ɗaya bayan ɗaya. Zhiguang kansa guba ya sha bai faɗi sunan ba. Ƙarshenta wata makirar mace ta nuna wanda ba shi ba, masoyiyar Qiao Feng, A'Zhu, ta yi shigar mutumin, wanda mahaifinta ne, ta tari dukan da ya kashe ta. Duk wannan na gudana Xuanci na zaune a Shaolin yana jan carbi, labari na iso masa.

Masu kare shi sukan ce in ya fito ya yi magana Shaolin ce za ta zube, duniyar 'yan faɗa ta rikice, Liao ta samu ƙofa. Hujja ce mai kyan gani. Sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma Xuanci na da wata kazar. Bayan Yanmen ya yi wa wata budurwa, Ye Erniang, ciki, ya ba ta kuɗi ya koma kan buzunsa. Xiao Yuanshan, wanda ke laɓe yana kallo, ya ƙwace jaririn, ya yakushe mata kumatu, ya ajiye yaron a lambun kayan miya na Shaolin. Baƙin ciki ya juya mata kai har ta zama ta biyu a cikin gungun da ake kira Miyagu Huɗu, kullum ta saci jaririn mutane ta yi wasa da shi kamar nata sannan ta halaka shi. A gyaran ƙarshe da Jin Yong ya yi wa littafin ya sassauta, ya ce takan miƙa jariran ga wasu baƙi, kuma ina zargin shi ma ya lissafa shekara 24 sau kwanakin shekara ya ji abin ya yi wa shugaban Shaolin yawa. Sunan matar nan ya cika duniya. Shugaban gidan da ya fi kowa iƙirarin kare raunana ba zai ce bai ji ba, kuma bai ɗaga ko yatsa ba.

Sai ranar tonon silili, a gaban dubban mutane a dutsen Shaoshi. Aka tuɓe rigar wani ƙaramin rahibi mai suna Xuzhu za a hukunta shi, Ye Erniang ta hango tabon ƙunar turare a bayansa, wanda ita ta yi wa ɗanta da hannunta. Aka matsa mata ta faɗi uban, ta ƙi, tana kuka tana cewa mutumin kirki ne, laifinta ne. Xuanci ya taso, ya kira yaron, ya shafa kansa, ya ce shekara 24 yana gabansa bai san ɗansa ba ne. Ya yanke wa yaron sanda 130, kansa kuma 200, wai hukuncin shugaba ya fi nauyi. Ya durƙusa ya tuɓe, ya ƙi amfani da ƙarfin cikin da zai kare jikinsa. Da matar ta yunƙuro za ta rufe shi da jikinta, ya nuna ta da yatsa ya daskarar da ita a tsaye. Ƙannensa a haikali suka roƙa a ɗage sauran, ya ƙi. Aka cika 200, ya yanke jijiyoyin ransa da kansa, ita ma ta soka wa kanta wuƙa.

Karon farko da na karanta wurin nan sai da ƙwalla ta cika min ido, na yafe masa komai. A karatu na biyu ne na tsaya na tambayi kaina, sandan nan 200 na wane laifi ne? Na kusantar mace ne. Kisan Yanmen bai samu ko sanda ɗaya ba, shirun da ya cinye mutane bai samu ba, jariran ba su samu ba. A ainihin dokar ruhubananci ta Buddha akwai laifi huɗu da ke fitar da mutum daga sahu nan take: saduwa, sata, kisan ɗan Adam, da ƙaryar cewa ya kai wani matsayi na ruhi. Hukuncinsu tuɓe riga ne, ba duka ba. Sanda dokar gida ce. Kenan mutumin da ya aikata biyu daga cikin huɗun ya ci gaba da zama a kujera yana hukunta yara shekara da shekaru. Dalilin da ya bayar na ƙin a sassauta masa kuwa shi ne kada kyakkyawan sunan Shaolin na shekaru aru-aru ya lalace a hannunsa. Har a tubansa sunan gida yake wankewa. Kuma kada ka manta, Xiao Yuanshan na gab da faɗin sunan ne ya riga shi. Ba na hana shi jarumtar mutuwarsa, amma kwana ɗaya ya biya da jikinsa, shekara 30 wasu na biya masa da nasu. (A watan Yulin 2025, da haikalin Shaolin na gaskiya ya fitar da sanarwa cewa ana binciken shugabansa Shi Yongxin bisa zargin karkatar da kuɗi da haifar 'ya'ya a ɓoye, Xuanci ne ya fara faɗo min a rai.)

Akwai wanda masu kallo ba sa son a taɓa a littafin nan, tsohon mai shara na ɗakin littattafai, wanda ko suna ba a ba shi ba kuma ya fi kowa ƙarfi. Da bakinsa ya ce ya haura shekara 40 a wurin, yana ganin Xiao Yuanshan da Murong Bo suna shigowa da dare suna satar karatun faɗa, shi kuma ya ajiye musu littattafan wa'azi a gefe ko za su ɗauka. Ba su ɗauka ba. Bai gaya wa kowa ba, bai hana su ba, har suka gama ɓarnarsu, sannan ya fito ya shiryar da su cikin yini ɗaya. A mahangar littafin jira yake lokacinsu ya nuna. Ni dai in da ni ne Qiao Sanhuai, manomin da aka karya wa haƙarƙari a tsakar gidansa, da na so a yi musu wa'azin tun da wuri.

Yanzu ka kwatanta da Kongjian, wani babban rahibin Shaolin a littafin Jin Yong mai suna Yitian Tulong Ji, wanda ya fito daga 1961 zuwa 1963. Wani mai suna Cheng Kun ya kashe wa almajirinsa Xie Xun mutum 13 na gidansa, ya ɓace. Xie Xun ya haukace, yana kashe manyan mutane yana rubuta sunan malamin nasa a bango don ya tilasta masa fitowa. Cheng Kun kuwa ya je Shaolin ya zube gaban Kongjian yana kukan nadama, aka karɓe shi almajiri da sunan Yuanzhen. Kongjian ya tari Xie Xun a Luoyang ya ce masa ga ƙirjinsa, ya yi masa naushi 13 a madadin rayuka 13, ba zai rama ba. Naushi 12 suka sauka bai faɗi ba. Sai Xie Xun ya ɗaga hannu kamar zai fasa kansa, tsohon ya yi tsalle ya ceto shi, ya saki kariyarsa, na 13 ya same shi. Yana kwance yana shure-shure ya kira Cheng Kun, wanda ya yi masa alkawarin zai fito, shiru. A nan ya gane an yi wasa da hankalinsa.

Shi ma hukuncinsa akwai abin dubawa. Ya gaskata hawayen mai laifi bai nemi ya fuskanci wanda ya zalunta ba, ya shigo da maciji cikin gida ya koya masa ƙarin ƙarfi, kuma macijin ya zauna shekaru yana ingiza Shaolin cikin yaƙin da ba nata ba. A numfashinsa na ƙarshe ma, don tausayi, ya yi wa Xie Xun ishara da sirrin wani takobi, wadda ta tura shi ya ƙwato takobin a wani tsibiri ya haukatar da taron jama'a da ihunsa. Amma a ma'aunin da na gaya maka, Kongjian ƙirjinsa ya fara miƙawa. Shi ya sa mai karatu ke ce masa wawan kirki, ba ya ce masa munafuki.

A littafin nan ne kuma Jin Yong ya nuna irin kafewa a kan dokar da ka ambata, kuma ya nuna inda dokar ta fito, wanda shi ya fi burge ni. Wani ma'aikacin ɗakin girki a Shaolin ya sha duka a hannun rahibin da ke kula da su har yana aman jini, sai ya riƙa satar kallon atisaye shekara da shekaru, ya ƙware, ya kashe babban malami ya gudu. Darasin da haikalin ya ɗauka shi ne duk wanda ya koyi faɗa ba da izini ba a kashe shi ko a tsinke masa jijiyoyi. Ba su yi dokar hana dukan ma'aikata ba. Bayan shekara 70 wani baƙo gwani, He Zudao, ya zo ya ƙalubalance su, wanda ya fitar da su kunya yaro ne mai hidima, Zhang Junbao, da ya koyi 'yan dabaru daga wasu mutum-mutumin ƙarfe biyu na wasa. Ladansa aka ce a kama shi. Malaminsa Jueyuan, wanda dama yana cikin horo saboda ɓatan wani littafi, an ɗaure shi da sarƙa an hana shi magana, yana ɗebo ruwa da manyan bokitan ƙarfe yana juyewa a rijiya, ya saka yaron a bokiti ya ruga da shi har ƙarfinsa ya ƙare ya mutu. Yaron nan shi ya zama Zhang Sanfeng, ya kafa Wudang, gidan da ya zame wa Shaolin kishiya. Da ya haura shekara 100 ya dawo da ƙafarsa, riƙe da hannun wani yaro mara lafiya, Zhang Wuji, yana roƙon su haɗa ilimin da ke hannunsu da nasa a ceci ran yaron. Shugaba Kongwen da ƙannensa suka tare shi a wata rumfa a waje, ko shiga ba su ba shi ba, suka ce abin da ya sani ai dama na Shaolin ne. Tsoronsu kada a ce Shaolin ta koyi abu a wurin korarren yaronta. Babu wata ƙa'idar Buddha a cikin wannan.

Ta ɓangaren mata, a wannan littafin dai, akwai Miejue, rahibar da ke shugabantar gidan Emei, wadda ta ba almajirarta Ji Xiaofu zaɓi: ta kashe uban 'yarta, ɗan ƙungiyar da suke kira ta shaiɗanu, a ba ta gadon shugabanci. Yarinyar ta girgiza kai, ta fasa mata kai da tafi ɗaya. Ita kam ba ta ɓoye komai, kuma da aka zo ceton ta daga hasumiya mai cin wuta ta ture hannun abokin gaba ta zaɓi mutuwa. Na fi jin tsoronta a kan Xuanci, amma na fi sanin inda na tsaya da ita. Fangzheng, shugaban Shaolin a littafin Xiao'ao Jianghu, kuwa wani nau'i ne, mai murmushi. Ren Yingying ta goyo masoyinta Linghu Chong zuwa Shaolin ta miƙa kanta a tsare a madadin a warkar da shi. Ya tsare ta, ya ce wa saurayin sai ya shiga Shaolin za a koya masa maganin, bai gaya masa cinikin da aka yi a kansa ba. Saurayin ya ƙi ya tafi da ciwonsa, ita kuma ta ci gaba da zama a tsare. Jin Yong da kansa ya rubuta a bayanin ƙarshen littafin cewa ɗan siyasa ya ɗauki Fangzheng, kuma ya rubuta shi ne daga 1967 zuwa 1969, lokacin da juyin al'adu ke ci a Sin.

Irin wannan rahibi ya girmi wuxia ta zamani. A tatsuniyar Farar Macijiya akwai Fahai, wanda ya raba mata da miji ya danne matar a ƙarƙashin hasumiyar Leifeng ta Hangzhou don doka ta ce mutum da aljana ba sa aure. Da hasumiyar ta rushe da gaske a 1924, marubuci Lu Xun ya yi rubutu yana murna. Sinawa sun daɗe suna jin haushin mai tsarkin da ba ya ganin mutumin da ke gabansa.

Amsar Jin Yong ga Xuanci kuwa a cikin gidansa ya ajiye ta. Xuzhu, ɗan nasa, mummuna ne, ba shi da wayo, kuma ya fi kowa riƙon ƙa'ida da gaske, har ya gwammace yunwa da cin nama. Amma duk lokacin da ƙa'ida ko mutuncinsa suka ci karo da rai, ba ya tsayawa lissafi. Ya ga Duan Yanqing, shugaban Miyagu Huɗu, zai kashe kansa a gaban allon dara, ya rufe ido ya jefa ƙwaya inda ta faɗa don kawai ya ɓata wasan, ana ta yi masa dariya. Ya ga za a yanka wata da ya ɗauka ƙaramar yarinya ce, ya saɓe ta ya ruga ba tare da ya san ko wace ce ba. Ta dalilin haka ya karya kusan duk ƙa'idar da ya rantse a kai, kuma abin da yake roƙo kawai shi ne a bar shi ya ci gaba da zama ƙaramin rahibi. Mahaifinsa ne ya ba da umarnin a kore shi daga Shaolin. A wannan ranar ce kuma, kafin ya san ko ɗan wane ne, ya fito daga sahun ruhubanawa a gaban kowa ya sha giyar 'yan'uwantaka da Qiao Feng, lokacin da duk taron ke neman kansa. A ƙarshen littafin yana cikin biyun da suka kutsa rundunar Liao suka kamo sarki Yelü Hongji a Yanmen, kuma yana tsaye a wurin lokacin da Qiao Feng ya karɓi rantsuwar sarkin cewa ba zai yaƙi Song ba, sannan ya soka wa kansa karyayyar kibiya a bakin kwazazzabon da aka cillo shi yana jariri.